Kason garka ko cefanen kasuwa: lissafin da na yi bayan rani guda a Damagaram

Cikin watan Oktoban bara, mu takwas ƴan adashi ɗaya muka haɗa jika 24 kowace, wato sefa dubu 24, jika 192 ke nan, muka danƙa wa wani dattijo mai garka a gefen Mirya. Ko ganye ɗaya bai kai tsinka ba a lokacin. Fangulan ma ba a gama ja ba, irin tumatir da na shu, abin da ƴan Najeriya ke kira kabeji, suna wurin reno, an yi musu rumfar kara saboda rana. Sharaɗin shi ne daga tsakiyar Disamba zuwa tsakiyar Maris, mako 12, kowace Asabar a kawo wa kowane gida kwando guda na abin da garkar ta bayar. Tun daga ranar ƴan uwa da abokan aiki ke tare ni da tambaya ɗaya: "Malama, abin nan ya fi zuwa kasuwa araha?" Amsar da nake ba su a tsaye ita ce a'a. Ta zaune kuwa tana da tsawo.

Ba mu muka ƙago abin ba. Ɗiyar ɗaya daga cikinmu ce ta zo da labarinsa daga Faransa inda ta yi karatu. Can ana kiran irin wannan ƙungiya AMAP, kuma ta farko an kafa ta a 2001 a garin Aubagne, kudancin ƙasar. Su ma gado suka yi. Matan Japan ne suka riga kowa, tun wajen ƙarshen shekarun 1960, lokacin da tsoron maganin feshi a cikin abinci ya sa suka riƙa ƙulla alkawari kai tsaye da manoma, abin da suke kira teikei. A 1978 aka buɗe wata garkar haɗin gwiwa kusa da Janiba ta Suwizalan, a 1986 kuma gonaki biyu a Amurka, ɗaya a jihar Masacusat ɗaya a Niyu Hamsha, suka soma nasu. Ƙa'idar duka ɗaya ce: mai ci ya biya tun kafin shuka, ya karɓi kasonsa duk mako, in shekara ta yi kyau a ci tare, in ta ɓaci a yi rashi tare.

Sai dai ciwon da ya kai su ga wannan magani ba shi ne namu ba. Su abincinsu daga manyan kantuna yake, ya yi tafiyar dubban kilomita, ba su taɓa ganin fuskar wanda ya noma shi ba. Mu kuwa salatin da ke Kasuwar Dole da safe, jiya yana cikin fangali. Mirya kilomita 18 ce kacal daga gari. Gidimuni da kwarin Korama, wajen Matamaye, su ke ciyar da mu shu da albasa da rake. Tsohuwar da ke kasa tumatir a bakin titin Zango sau da yawa ta san mai garkar, ta san ubansa. To duk wanda ya ce muku ku shiga kaso don ku ci na gida, ku ce masa dama na gida muke ci. Sai a nemo wata hujjar.

Mu fara da kuɗi, tunda nan zuciyar kowa take. Jika 24 a mako 12, jika biyu ke nan kowane kwando. Na riƙa rubuta abin da ya zo, ran Lahadi kuma in tura yaro ya tambayo kuɗin irinsa a kasuwa. Makonni biyun farko mun ci riba, don kayan ba su gama shigowa ba, tumatir yana tsada. Daga tsakiyar Janairu zuwa ƙarshen Fabrairu kuwa, kasuwa ta kayar da mu warwas. Lokacin ne kowace garka ke zubar da kayanta a rana ɗaya, mai tumatir yana roƙon ki ki ɗauka, ki sayi kashi biyu ya yi miki gyaran na uku. Akwai makon da kwandona na jika biyu, da jika ɗaya da dala hamsin zan haɗa shi a kasuwa har in yi ciniki. Sai a makonni biyun ƙarshe, da zafi ya fara leƙowa, lissafi ya sake karkatowa wajenmu. Da na tara duka, na ga da cefane na yi da kaina, da na rage wajen jika huɗu.

Wannan shi ne tarkon da ke cikin abin a ƙasarmu, kuma ban ji wanda ya faɗa mana shi ba kafin mu shiga. Garka tana ba da kaya ne daidai lokacin da kasuwa ta fi araha. Lokacin da uwargida ke kuka da cefane, daga bazara zuwa tsakiyar damina, sa'ad da tumatir huɗu ƙanana ke zama kashi guda, lokacin kwandon ya daina zuwa. Rijiyoyi sun ja, zafin Afrilu da Mayu yana zubar da furen tumatir, salati yana yin kai ya yi ɗaci. Ashe mun biya kuɗin inuwa ne a watan ɗari.

Na biyu shi ne zaɓi. A kasuwa miyar da ke ranki ita za ki haɗa. A kaso kuwa garka ce ke yanke abin da za a ci a gidanki. Mako uku a jere muka samu shu manya uku uku a kwando, ga salati kai shida. Gidana mu biyar ne. Mun yi kwaɗonsa da ƙuli-ƙuli, mun sa a dambu, mun sa a shinkafa da wake, mun dafa da taliya, har autana ya leƙa tukunya ya ce, "Inna, yau ma ganyen nan ne?" Maƙwabta sun ci albarkacinmu, ba laifi, amma ba don sadaka na biya jika 24 ba. Sannan attarugu da tattasai, waɗanda ba a ɗora tukunya sai da su, garkar ba ta da su da yawa, dole kullum in ƙara da na kasuwa. Kada kowa ya ɗauka kwando zai raba shi da kuɗin cefane. Ragewa yake yi, ba ya kashewa.

Ga kuma maganar ajiya. Cefanen kullum bai buƙatar firigo: abin da aka sayo da hantsi ya shiga ciki kafin la'asar. Kwandon mako kuwa sai ya kwana bakwai. Karoti da shu da albasa suna jurewa, musamman cikin sanyin Janairu. Salati kwana biyu ne ko uku, in kin naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma kin ajiye gindin randa. In kina da firigo kuma wuta ba ta yawan ɗaukewa a unguwarku, kin tsira. In babu, sulusin ganyen na awaki ne. Kuma duk ɗan Damagaram ya san ruwa ba abin wasa ba ne a garin nan mai zaune kan dutse. Wanke kan salati shida tas, sau uku, a ranar da famfo bai kawo ba sai na ƴan ga-ruwa, shi ma kuɗi ne, ko da yake ba wanda ke sa shi cikin lissafi.

Mai karatu zai ce to me ya rage? Abu biyu suka rage, kuma su suka sa ban yi da-na-sani ba.

Na farko, na san ruwan da aka ba abin da nake ci. Salati ɗanye ake cin sa, karoti ma yara daga kwando suke ɗauka su gatsa. A kasuwa duk ganye kore ne shar, ba mai gaya miki wanne ya sha ruwan rijiya, wanne ya sha na tabkin da kwatar unguwa ke gangarawa ciki. Haka maganin feshi. Kowane magani yana da kwanakin da ake jira tsakanin feshi da tsinka, an rubuta a jikin kwalba, amma wanda dillali ke jira da mota a bakin garka ba lallai ya ƙirga ba. Mu mun je da ƙafarmu sau uku. Mun ga rijiyar, mun ga injin ban ruwa, mun ga kwalaben. Muka yi da shi cewa ba a tsinka mana sai kwanakin sun cika, kuma fangulan salati ba a fesa musu komai sai ruwan ƴaƴan bedi da aka jiƙa. Ganyen yakan zo da ƴan huje-huje, na koyi kallon hujin nan a matsayin shaida. Wannan ba a sayar da shi a kashi, ko nawa za ki bayar.

Na biyu ya shafi shi mai garkar. Oktoba ita ce wuyar noman rani. A watan ne ake sayen iri, da taki, da man injin, a gyara shinge, a yashe rijiya, alhali gero bai daɗe da shiga rumbu ba, kuɗinsa a ƙasa. Tun bayan farin 1984, da gwamnatin Seyni Kountché ta tura mutane ga noman rani, abin da ke tauye manomi bai canza ba: hannu yana da ƙarfi, aljihu babu. Sai ya karɓi bashi wurin ɗan sari, a kan cewa in kaya suka nuna shi zai ɗauka, kuma shi zai faɗi kuɗi. Ranar da muka kai masa kuɗin, dattijon ya ƙirga sau biyu, ya ɗago ya dube mu.

"Hajiya, ku kun san abin da kuka yi kuwa?"

Uwar adashinmu ta ce, "Baba, kayan miya muka saya."

Ya ce, "A'a. Bakina kuka saya mini. Bana in dillali ya taya, zan iya ce masa albarka."

Kasonmu bai kai rabin garkarsa ba. Sauran ya sayar a kasuwar Mirya ta ran Lahadi da kuma ƴan sari, amma a kuɗin da ya yarda, don ba wanda ke bin sa bashi. Jika huɗun da na yi asara a lissafina, na san inda suka shiga.

Yanzu ga inda abin ya yi tsami. A farkon Fabrairu tsutsar nan mai shiga cikin ganye da ƴaƴan tumatir ta faɗa garkar, irin wadda ta cinye tumatirin arewacin Najeriya a 2016 har kwando ya gagari talaka. Mako uku kwandonmu ba tumatir sai ɗan abin da ba a rasa ba. A ƙa'idar Turawa shi ke nan, an yi rashi tare. Amma biyu daga cikinmu suka ce su ba su san wannan zance ba, tumatir suka biya. Ɗaya ma ta ce ta ga ɗansa da daro cike da tumatir a kasuwa. Aka bincika, ashe na maƙwabcinsu ne ya sayar masa. Kafin gaskiya ta fito an riga an ɓata rai, saƙonnin murya sun yi ta yawo a WhatsApp, adashin shekara shida ya kusa watsewa a kan tumatir. Laifin namu ne. Ba mu rubuta komai ba, muka ce ai mutunci ya isa.

Rigimar ce ta kai mu gaban malamin unguwa, kuma abin da ya warware mana ya kamata kowa ya ji kafin ya zuba kuɗinsa. Ya ce biyan kuɗi tun kafin kaya su samu ba baƙon abu ba ne a shari'a, sunansa salam. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tarar da mutanen Madina suna yi da dabino, sai ya sa sharaɗi: ma'auni sananne, nauyi sananne, lokaci sananne. Kuɗin kuma a biya duka tun farko, ba kaɗan kaɗan ba. Ya ƙara da cewa malamai ba su yarda a ɗaure salam da garka guda ba, don in ita ta lalace babu inda za a ciro hakkin mai saye. Wato "kwando na duk abin da ya samu" akwai jahilci a cikinsa, ba a san me aka saya ba. "Tumatir tasa kaza, shu kaza, albasa tiya kaza, kowace Asabar zuwa ranar kaza" kuwa ciniki ne tsayayye, in garkarsa ta gaza ya nemo a wani wuri ko ya mayar da kuɗin abin da bai kawo ba.

Kun ga ke nan kaso iri biyu ne, kuma kafin a zaɓi tsakanin kaso da kasuwa sai an zaɓi tsakaninsu. Na Turawa ya fi wa manomi daɗi, don an ɗauke masa rabin kasada, amma yana buƙatar yarda irin ta uwa da ɗa, ga kuma tambayar da malam ya tayar. Mai ma'auni sananne ya fi wa mai saye kwanciyar rai, ba gardama, sai dai ya mayar wa manomi da nauyin duka: ranar da tsutsa ta cinye masa tumatir, ranar zai shiga kasuwa ya saya miki da tsada. A ganina na biyun ya fi dacewa da mu, da gyara guda. A sa ma'aunin ƙasa da abin da garkar ta saba bayarwa, yadda ko shekara ta yi rabin kyau zai iya cikawa. In ta yi albarka, abin da ya ɗora a kai gyara ne, kuma mai garka ba ya rowar gyara ga wanda ya tsaya masa a Oktoba. In kuma annoba ta zo, ba wanda ya hana ki yafe masa, amma da bakinki, ba dole ba.

Akwai hanya ta uku da iyayenmu suka daɗe a kai, kuma ita ce ta fi duka biyun araha in ana maganar kuɗi zalla: a jira Fabrairu, a sari kwandon tumatir lokacin da ya faɗi, a yanka a shanya a yi kauda. A sayi buhun albasa in ta shigo a Maris ko Afrilu, irin ta Galmi mai jure ajiya, a baje ta a ɗaki mai iska. A busar da kuɓewa a kaka, a ajiye jan tattasan Diffa. Wannan ita ce ke amsa kukan bazara da damina, inda kwandon mako ya yi shiru. Kuɗinta ba a aljihu yake ba, a jiki yake: yini biyu ana yanka, kwana biyar zuwa bakwai ana shanya da kwashewa, ana faɗa da ƙura da kaji da ƙuda. Mai tsakar gida da ƴanmata a gida, wannan tata ce. Mai fita aiki ƙarfe bakwai da rabi tana haya a ɗaki biyu, sai dai ta ba wata ta yi mata.

To wa ya kamata ya shiga kaso? Gidan da ke da baki da yawa, takwas zuwa sama, inda shu uku ba ya kwana biyu. Gidan da ake cin ɗanyen ganye kullum, ko akwai mai ciwon sukari ko hawan jini da likita ya ce ya yawaita shi. Ma'aikaciyar da albashinta ko kwasar adashinta ke ba ta damar fitar da jika ashirin da wani abu a dunƙule ba tare da tukunya ta tsaya ba. Masu sayar da abinci ma, mai kwaɗo da mai salati da ƙwai a bakin titi da dare, su kam ya fi kowa yi musu, don abin da ke gundurar gida shi ne jarinsu. Wanda kuwa kuɗin cefanensa daga cinikin yini yake fitowa, yau dala ɗari gobe dala sittin, kada ya bari a ruɗe shi da cewa abin zamani ne. Kasuwa ta fi masa, ta bar masa kuɗinsa a hannu, kuma a watannin sanyi ba wanda ya kai ta sauƙi. Ango da amarya su biyu, su ma su haƙura, ko su raba kwando da maƙwabta.

Azumi ma ya shigo lissafi a ƴan shekarun nan. Na 2025 ya kama a farkon Maris, na 2026 bayan tsakiyar Fabrairu, kuma kowace shekara yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya, wato yana ƙara nutsawa cikin tsakiyar lokacin garka. A watan ne kowane gida ke neman salati da tumatir da karoti na buɗa-baki a lokaci guda, kuɗinsu ya ɗaga ko da kaya na da yawa. Wanda ya ɗaure farashinsa tun Oktoba, wannan ɗagawar ba ta same shi ba.

Kada a manta da dako. Mu da farko mun bar shi a kan mai garka, sai ya riƙa jiran adaidaitar da ta cika, kaya su iso bayan azahar salati ya yi laushi. Daga baya muka ɗauki mai adaidaita guda, muna haɗa masa dala hamsin hamsin, yana sauke duka takwas a gidan uwar adashi a Sabon Gari kafin ƙarfe tara, kowa ta aiko yaro. Garka mai nisa kamar Gidimuni, wajen kilomita 70, sai in kayan masu jure hanya ne, albasa, shu, rogo, dabino. Ganye kam a tsaya kusa.

Bana mu shida ne, biyun sun fita, ba kuma wanda ya riƙe su a rai. An rubuta takarda da boko da ajami, shaidu biyu, kowa da tasa. An rage salati zuwa kai uku, shu ɗaya. An ƙara zogale da yakuwa, su da ba sa tsoron zafi, don kwando ya kai ƙarshen Afrilu. Mako biyun da tumatir ya fi yawa ba za a kawo mana ɗanye ba, matan gidansa za su yanka su shanya, a biya su ladansu daban, a kawo wa kowace kauda tiya uku tare da rabin buhun albasa a kwandon ƙarshe. Kuɗin ya tashi zuwa jika 30. Da aka zo wurin sa hannu, Baba ya ce a ƙara masa layi ɗaya: duk wadda ta ga ɗansa da daro a kasuwa, ta tambaye shi tukuna kafin ta ɗauki waya.